Dattijon da ya sulale a kujera tun ba a taɓa haƙorinsa ba

Sabuwar Ma'aikaciya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. A yi haƙuri da tsawon rubutu. Watana huɗu ke nan da fara aiki a sashen haƙori na wani ƙaramin asibiti a gabashin Jigawa. Likita ɗaya gare mu, shi ma Talata da Alhamis kawai yake zuwa. Jiya ta kama ranar kasuwar garin, sai ga wani dattijo ɗansa ya goyo shi a keke daga ƙauyensu, turminsa na ƙasa ta dama ya hana shi barci kwana uku. Ya ɗaure muƙamuƙi da bakin rawani, kanumfarin da ya cusa a ramin haƙorin sai tashi yake. Likita ya yi masa allurar kashe zafi, ya ce a jira ta kama, ya leƙa ɗakin da ke kusa. Ni kuma na ba shi baya ina jera awartaki a faranti. Na ji ya yi hamma sau biyu, sannan ya ce, "'Yata, ɗakin nan naku akwai zafi." Ina waiwayowa na ga gumi ya keto masa a goshi, leɓensa ya koma kamar toka. Kafin in buɗe baki ya sulale. Ɗan ya ɗauki salati, ya tallafo shi ya zaunar yana yi masa fifita da hula, ni ma na kama masa muka riƙe shi a zaune. Sai hannunsa ya fara fizga. Likita na shigowa ya daka mini tsawa, ya kwantar da kujerar, ya ɗaga ƙafafunsa sama. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya buɗe ido yana tambayar ina takalminsa.

Abin da kawai likita ya ce mini shi ne in koma in duba littafina. Na duba, sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi ne da muka haddace saboda jarrabawa, ban ga inda suka haɗu da abin da ya faru ba. Maganin ne bai karɓe shi ba, ko yawa ya yi? Kuma me ya sa kwanciya ta tashe shi?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki sa wa ranki damuwa, tsoro ne kawai. Tun ana dafa allura a tukunya nake wannan aiki, na ga ƙarti majiya ƙarfi sun zube don sun hango sirinji. Mu aikinmu sananne ne: wanke kaya, dafa su, miƙa wa likita abin da ya nema kafin ya nema, tsotse yawu, rarrashin marar lafiya. Zancen jijiya da zuciya na likita ne, don shi ya yi shekara shida a jami'a. Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi.

Nas Mai Ba Da Barci:
Baba, da girmanku, a nan ban bi ku ba. Tsoro ne sila, haka ne, amma faɗin haka ba zai gaya wa yarinyar nan abin da za ta yi da hannunta ba in ya sake faruwa, kuma zai sake.

Ƙanwata, ga abin da ya faru a jikin bawan Allahn nan. Idan mutum ya tsorata, jiki yakan tura jini zuwa manyan tsokokin cinya da ƙwauri, yana shirin gudu. Wanda ya gamu da abin tsoro a daji sai ya ruga, tsokokin su matso jinin ya koma zuciya. Wanda ke kan kujerarku ba inda za shi, sai jinin ya kwanta a ƙasa. Ana cikin haka sai wata jijiya, ta 10 a cikin guda 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ta taka wa zuciya birki. Bugu ya ragu, ƙarfin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa da ke can sama ta rasa rabonta. Hammar da kika ji, da jin zafin ɗaki, da gumi mai sanyi, duk sallama ce jiki yake yi kafin ya tafi. Faɗuwa ita ce maganin da jiki ya tanadar wa kansa, don in kai ya daidaita da zuciya jini zai koma ba tare da hawa tudu ba. Ku da kuka riƙe shi a zaune, kun hana shi maganinsa ne ba ku sani ba. Fizgar hannun nan ma ba farfaɗiya ba ce, ƙwaƙwalwa ce ke kukan ƙishin jini.

Gaba in kin ga haka: kwantar da kujera, ɗaga ƙafa, kwance rawani da maɓallin wuya, cire duk audugar da ke baki. Mai tsohon ciki kaɗai ba a barinta rigingine, a juya ta ɓarin hagu, domin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

Mai Kemis A Bakin Tasha:
Ni dai a shagona in mutum ya yanke jiki ya faɗi, lemon kwalba nake ɗura masa, kuma suna tashi.

Nas Mai Ba Da Barci:
Malam, Allah ne yake rufa maka asiri. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a sa masa komai a baki, ko da ruwa ne. A maƙogwaro hanya biyu ce ta rabu, ta iska a gaba, ta abinci a baya, akwai ɗan murfi da ke rufe ta iskar duk sanda aka haɗiya. Wanda ya suma ba ya haɗiya yadda ya kamata, lemonka huhu zai nufa. Bari ya farfaɗo, ya iya riƙe kofi da hannunsa, sannan a ba shi.

Sabuwar Ma'aikaciya:
Na gode Anti. To amma yaya zan gane suman tsoro ne ba wani abu ba? Ɗan ya ce tun daren shekaranjiya bai sa komai a cikinsa ba saboda ciwon.

Nas Mai Ba Da Barci:
Yawwa, wannan ita ce tambayar. Yatsunki biyu su ne na'urarki ta farko. Ki ɗora su a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ko a wuya gefen maƙogwaro, ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Kada ki sa babban yatsanki, shi ma yana da nasa bugun, sai ki ƙirga naki. Babba mai lafiya bugunsa tsakanin 60 da 100 ne a minti, numfashi 12 zuwa 20. Na yara ya fi haka sauri.

A suman tsoro bugun yana yin sanyi da jinkiri, kuma da an kwantar sai ya dawo. Wanda sugansa ya faɗi, musamman mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, zai yi rawar jiki da gumi, magana ta rikice, wani ma ya yi ta faɗa, kuma kwanciya kaɗai ba ta tashinsa. Idan ruwan allurar ya faɗa jijiyar jini, adirenalin ɗin da ke ciki, wato sinadarin da ke zaburar da zuciya, zai sa ta yi ta dukan uku-uku, hannu ya yi karkarwa, ya lafa bayan 'yan mintuna. Idan maganin ne ya yi yawa, sai ki ji mutum yana cewa kunnensa na ƙara, yana jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, ya kama surutu barkatai, fuska ta soma motsi, daga nan jijjiga. Wanda jikinsa ya ƙi maganin da gaske kuwa, borin jini ne zai feso masa, leɓe da fuska su kumbura, numfashi ya yi fito, bugu ya yi sauri amma ba ƙarfi. Wannan na ƙarshen da wuya a gan shi da lidokin, wato maganin kashe zafin da ake allurar haƙori da shi, amma shi ne mai kisa da sauri, maganinsa adirenalin a tsokar cinya nan take. Ki tabbata kin san aljihun da yake, kuma kwanansa bai ƙare ba.

Dattijonki ga tsoro, ga yunwa, ga rashin barci, ga rana. Da an ba shi ko kofin kunu ne kafin a fara, da wataƙila ba mu ji labarinsa ba.

Malamin Makarantar Lafiya:
Bari in sa baki, don laifin namu ne mu masu koyarwa. Muna sa yara haddar sunaye da Latin kamar karatun aku, ba ma nuna musu a fuskar mutum. Sannan harshenmu ma yana da nasa tarkon: kalmar jijiya ɗaya muke kira wa abu uku. Wadda jini ke bi jijiya ce, wadda ke kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa jijiya ce, agara ma jijiya ce. Na taɓa tambayar aji me allurar haƙori ke kashewa, rabinsu suka ce jijiya, da na bincika ashe ta jini suke nufi. Ni yanzu na raba musu: jijiyar jini bututun ruwa ce, jijiyar saƙo wayar lantarki ce. Likita wayar yake nema ya zuba mata magani a gefe, bututun kuwa gudunsa yake. Shi ya sa za ki ga ya ɗan ja sirinji baya kafin ya tura. In jini ya shigo, ya san yana cikin bututu, sai ya gyara. Idonki ya kasance a kan sirinjin nan, don sau da yawa ke za ki riga shi ganin jan.

Maganin kansa ba kashe jijiya yake ba, toshe ƙananan ƙofofin da gishirin sodiyam ke shiga ta cikinsu yake, sai saƙo ya kasa wucewa. In jini ya kwashe shi ya kai hanta ta narkar, ƙoda ta fitar, ji ya dawo. A Suwidin aka haɗa lidokin a 1943. Kafin zuwan irinsa, hodar iblis aka fara kashe zafi da ita tun 1884, ku ji fa.

Ɗalibi Ɗan Aji Biyu:
Malam, ni abin da ya ɗaure mini kai, a haƙorin sama sai a yi allura a gindinsa kawai, amma na ƙasa sai a tafi can ƙuryar baki, kuma leɓe da harshe su mutu. Me ya haɗa leɓe da turmi?

Likitan Haƙori:
Tun ɗazu nake karantawa, bari in amsa wa ɗalibi. Ji na fuska da haƙora duk daga jijiya ta 5 yake, mai reshe uku: ɗaya na goshi da ido, ɗaya na muƙamuƙin sama, ɗaya na ƙasa. Ƙashin sama sakaka yake kamar soso, in ka zuba magani a gindin haƙori zai tsotsa ya isa saiwa. Na ƙasa a jikin babba tauri gare shi kamar dutsen niƙa, ba ya shan komai. Dole ka tari jijiyar tun kafin ta shige ƙashi, a wata 'yar kafa da ke ɓangaren ciki, bayan turmin ƙarshe. Daga nan take bi ta cikin ƙashin tana ba kowane haƙori reshe, sannan wani sashenta ya ɓullo ta wata kafar a ƙasan ƙananan turamen da ke bayan fiƙa, ya ba leɓen ƙasa da haɓa ji. Ka ga in ka rufe ta daga tushe, duk abin da ke gaba ya yi shiru. Jijiyar harshe kuma maƙwabciyarta ce a wurin, shi ya sa rabin harshe ke tafiya tare. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Amfanin wannan gare ku: kada ku tambayi mutum "ta kama?", zai ce e don kunya ko don a gama. Ku tambaye shi yaya yake jin leɓensa na ƙasa. In ya ce ya yi nauyi ko ya yi kauri, an samu hanya. Yaro kuwa a ja wa uwarsa kunne, leɓen nan zai yi awa 3 zuwa 5 ba ya ji, yara na tauna shi kamar cingam, washegari a dawo da shi a kumbure a ce mun ƙona shi da magani.

Wani abu kuma, in wurin ya yi mugunya allura ba ta cika kamawa ba, saboda naman ya yi tsami, maganin ba ya iya ratsa jijiya. Ba taurin kai ba ne, ba kuma wai mutumin ya sha tauri ba.

Antin Ɗakin Haƙori:
Ranka ya daɗe, kun tuna mini da wata baiwar Allah, lokacin ina aiki a wani gari a kudancin Kano. Amarya ce, uwar mijinta ta rako ta. An yi mata irin wannan allura ta ƙurya, bayan 'yan mintuna sai idonta na hagu ya ƙi rufuwa, baki ya karkace, in ta yi magana ɓari ɗaya ne ke motsi. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka, ta ce iska ta buge ta, dama an ce kada a fito da ita da tsakar rana. Kafin ka ce kwabo dangi sun cika baranda, har an aika a kira mai ruƙiyya. Ni kaina gwiwata ta yi sanyi, na ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Likitanmu na lokacin ya ce ta ɗaga hannuwa biyu, ta ɗaga. Ta matse yatsunsa, ta matse da ƙarfi. Ya ce a rufe idon da auduga da filasta, a ba ta wuri ta zauna. Kafin la'asar fuska ta dawo daidai. Har yau ban san takamaimai me ya faru ba, na dai san ba iska ba ce.

Likitan Haƙori:
Hajiya, allurar ce ta zarce baya. A gaban kunne akwai babban ƙullin da ke yin yawu, inda hangum ke kumbura wa yara. Jijiya ta 7, mai motsa tsokar fuska, ta cikinsa ta ratsa. In tsinin ya wuce ƙashi ya shiga can, fuska ta yi barci maimakon haƙori. Hatsarin ɗaya ne, idon da ba ya ƙiftawa yana bushewa, ƙura ta shiga, shi ya sa aka rufe. Da maganin ya sake shi ke nan. Gwajin hannun da ya yi kuwa don ya raba ta da shanyewar ɓarin jiki ne, wadda galibi takan haɗa da hannu ko ƙafa.

Mai Kemis A Bakin Tasha:
To ashe gaskiyar mutanen ƙauye ne da suke cewa cire haƙorin sama na makantar da mutum.

Likitan Haƙori:
A'a Malam, kada ka kai wannan tasha. Jijiyar gani daban take, ita ce ta 2, ba ta da hanya da haƙori. Inda zancen ya samo asali, fiƙar sama saiwarta doguwa ce, in ta ruɓe kumburin yakan haye har ƙasan ido ya rufe shi. Barin haƙorin ne ke kai ciwo wajen ido, ba cire shi ba. Abin da ke kusa da turamen sama da gaske shi ne wani kogo a cikin ƙashin kunci mai haɗe da hanci. Wani lokaci saiwa na leƙawa ciki, in an cire sai 'yar ƙofa ta buɗe. Shi ya sa muke hana fyace majina da ƙarfi bayan an cire turmin sama. In mutum ya dawo ya ce yana shan ruwa yana fito masa ta hanci, a nemo likita.

Tsohon Hannu:
Duk na ji, kuma ban ƙi ba. Amma ku bari in faɗi abin da ke raina. Ba ilimin nake ƙi ba, abin da yake haifarwa nake tsoro. Yaro ya ji inda kafar jijiya take, gobe ya sayi awartaki da kwalbar lidokin ya kafa benci a bayan 'yan tumatir, ya zama dokta. Na san waɗanda muka yi aiki tare da suka bi wannan hanya. Ɗaya ya karya wa wata mata saiwa a ciki, ya yi ta tono har dare, daga baya sai birni aka kai ta. Karambanin akuya ke nan, gai da kura. Da ƙaramin sani gara babu.

Ɗan Karkara:
Baba ku yi haƙuri, amma ku a kusa da birni kuke. Mu nan in likita bai zo ba sai mutum ya haɗa kuɗin mota zuwa Dutse ko Haɗeja, ga damina hanya ta yanke. In mun ce ba ma taɓawa, wajen wanzami zai tafi, ko a ɗiga masa ruwan batir a ramin. Wanne ya fi?

Antin Ɗakin Haƙori:
Ƙanena, uzurin nan shi kowa ke kawowa. Akwai abin da takardarka ta ba ka, akwai wanda ba ta ba ka ba, kuma akwai hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista. Ranar da abu ya ɓaci, waɗanda suka roƙe ka ka taimaka su ne za su fara kai ka wajen dagaci.

Ɗan Karkara:
Anti ai ban ce ina cirewa ba. Tambaya na yi.

Malamin Makarantar Lafiya:
Baba, ni a ganina wanda ya kafa benci ba sani ne ya yi masa yawa ba. Da ya san abin da ke bayan wannan kafa, da jijiyar jinin da ke manne da ita, da hannunsa ya yi rawa. Ga misali ɗaya da nake ba ɗalibai. Lidokin mai kashi 2 cikin 100, kowane mil ɗaya, wato mililita, na ɗauke da miligiram 20. 'Yar kwalbar da ake sa wa a sirinjin haƙori mai mil 1.8, miligiram 36 ke nan. Ma'aunin taka-tsantsan da ake bi wa yara shi ne miligiram 4.4 a kowane kilo. Yaro mai kilo 15, iyakarsa 66, wato ko kwalba biyu bai kai ba. Yanzu ku ɗauko mai benci da ke zuƙa daga babbar kwalba da sirinji mai mil 5, ya cika, yaro ya yi kuka ya ƙara. Wa ya auna yaron? A asibitocinmu ma sau nawa ake ɗora yaro a sikeli kafin a yi masa? Wannan aikin mataimaki ne, kuma shi ya kamata ya riƙa ƙirga kwalaben da aka zubar a faranti ya faɗa wa likita da baki.

Likitan Haƙori:
Haka yake, kuma ina so a faɗa mini. Ni kaina a cikin baki yake, abin da nake gani bai wuce faɗin kwabo ba. Goshi, ƙirji, hannun da ya damƙe kujera, duk ku ke ganinsu. Tambayoyin da nake so a yi tun a benci: ya ci abinci? Yana da hawan jini, suga, asma, farfaɗiya, sikila? Mace, tana da ciki? Yana shan maganin tsinka jini? Ya taɓa yin rauni jini ya ƙi tsayawa? A auna jini ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, mutanenmu da yawa a kujerarmu suke fara jin suna da hawan jini. In ya kai 180 bisa 110 ba na cirewa ranar, sai an sauko da shi. Mai ciwon zuciya kuma ba na wuce kwalba biyu ta mai adirenalin.

Nas Mai Ba Da Barci:
A ƙara da hanyar iska, don ita ce tawa. Duk wanda aka ba maganin sa maye ko barci, harshensa ne abokin gabarsa na farko, yana saki ya koma baya ya toshe maƙogwaro. Minshari a kujerar haƙori ba barci mai daɗi ba ne. A ɗaga haɓa, a tura muƙamuƙi gaba. 'Yar na'urar auna iskar oksijin a jini da ake maƙalawa a yatsa ta nuna 95 zuwa sama, amma lalle mai duhu ko hannu mai sanyi na iya ruɗa ta, don haka a kalli ƙirji ma. Haƙori ko guntun saiwa in ya kuɓuce daga awartaki ya bi iska, huhun dama ya fi faɗawa, don reshensa ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa. Abin tsotsar yawu ya kasance a hannu, in ba wuta a juya kan mutum gefe. Kuma don Allah maganin barci ba na ɗakin da babu iskar oksijin ba ne, ko wa ya ce a bayar.

Tsohon Hannu:
To tunda kowa na faɗin nasa. 'Yata, kin ji an ce a kwantar, a kwantar. Akwai wanda in kika kwantar da shi kin kashe shi. Zai zo miki da kumburi a ƙarƙashin haɓa, dama da hagu, ki taɓa ki ji kamar katako. Harshe ya ɗago ya cika baki, yawu na dalala don ba ya iya haɗiya, murya kamar ya cusa dankali mai zafi, yana zaune ya turo wuya gaba. In kin tambaya za a ce turmin ƙasa ne ya yi sati yana ciwo, an yi ta ɗaura masa magani ana shan kafso. Wannan ba na jiran Talata ba ne, ba kuma na kemis ba. A zaune za a sa shi a mota, wani ya zauna kusa da shi, sai Asibitin Malam Aminu Kano ko wani babba da ke da masu tiyatar baki da muƙamuƙi. Na raka uku da kaina. Biyu sun dawo.

Likitan Haƙori:
Baba ya gama magana. Saiwar turame biyun ƙarshe na ƙasa ta zarce tsokar da ta shimfiɗe ƙasan baki, shi ya sa mugunyarsu ke gangarawa wuya maimakon ta fashe a dasashi. Wani likitan Jamus, Ludwig, ya bayyana ciwon tun 1836, sunansa ake kiransa da shi.

Antin Ɗakin Haƙori:
Baba da ya ce ilimin jiki na likita ne, ga shi ya karantar da mu babi guda ba littafi.

Tsohon Hannu:
Ke dai ba kya rabo da tsiya. Wannan ba karatu ba ne, gani ne.

Mai Kula Da Zaure:
Jama'a a riƙa tausasa harshe. Kuma wanda ya turo hoton bakin marar lafiya ɗazu na goge, fuskarsa ta fito. A kiyaye.

Ɗalibi Ɗan Aji Biyu:
Malam don Allah a turo mana zanen jijiya ta 5 ɗin nan, na littafinmu ya goge wajen kwafi.

Malamin Makarantar Lafiya:
Sai na shiga gari, sabis ɗin nan ba ya ɗaukar hoto. Kafin nan ka tsaya gaban madubi, ka sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki, abin da ka ji ya motsa shi ne gaɓar muƙamuƙi. Ka cije haƙora ka taɓa kunci, tsokar tauna ke nan. Ka fara da naka.

Sabuwar Ma'aikaciya:
Salamu alaikum, na dawo da labari. Yau Talata dattijon ya dawo, don ranar likita ɗage aikin ya yi. Tun a benci na tambaye shi ko ya karya, ya ce a'a, wai an gaya masa ba a cin abinci in za a je asibiti. Na aiki ɗan ya sayo masa koko da ƙosai a bakin ƙofa, ya sha ya huta. Na auna jininsa, 150 bisa 90, bugu 84, na rubuta na nuna wa likita. Na sa ya kwance rawanin, muka kishingiɗar da kujerar tun kafin allura, na tsaya ta inda nake ganin goshinsa, ina ta jansa da hirar gero da farashin taki. Kwalba ɗaya da rabi aka yi. Da na tambaye shi leɓensa, ya ce ji yake kamar na raƙumi. Turmin ya fito da saiwarsa biyu cif.

Na ce ya ciji audugar minti 30, yau kada ya kurkure baki da ƙarfi ko a alwala, kada ya sha abu mai zafi, asuwaki ya kauce wa wurin, gobe ya fara ruwan ɗumi da gishiri a hankali, don gudan jinin da ya kwanta a ramin shi ne murfinsa. Duk ya amsa da to, sai da na zo kan goro. Ya ce wannan kam sai dai mu yi ciniki, kwana nawa? Na ce uku. Ya ce biyu. Ya naɗe haƙorin a takarda ya jefa a aljihu, wai zai nuna wa matarsa abin da ya hana su barci.